Hoton da Aka Ɗauke Ni Baki Buɗe

Ranar wata Laraba cikin damina, ina aji huɗu, Inna ta sa mini atamfar sallah, ta rambaɗa mini kwalli, ta maƙala mini sarƙa da 'yan kunne, domin likita ya ce a kai ni Birnin Kudu a yi mini hoto. Mu a Zandam hoto ɗaya muka sani, wanda ake tsayawa a yi murmushi.

Abin daga rijiya ya faro. Tun ina ƙarama wuyana gajere ne, ƙawayena a wajen gaɗa suna tsokanata da Kunkuru, ban taɓa damuwa ba. Amma a shekarar nan duk sanda na aza gammo na ɗora tulu, sai wani abu ya tsarga mini daga ƙeya har yatsu, hannuwana su mutu. Tulu uku na fasa. Kakata ta ce targaɗe ne, har ta shirya da mai ɗori zai zo ran Juma'a ya ja wuyan ya murɗa. Baba ne ya dage a fara ganin likita.

A ɗakin hoton, ma'aikacin ya sa aka kwashe sarƙar da 'yan kunnen, ya fitar da Inna, ya kwantar da ni a ƙarƙashin wata na'ura. "Buɗe baki sosai, ƙanwata, kar ki motsa." Sai ya koma bayan bango ya laɓe. Na ce a raina abin da mai shi ma yake ɓuyar masa, ni aka bari da shi. Ina kwance baki wangame, hawaye na gangara mini cikin kunne.

Da likita ya kara hoton a fitila, babu kwalli, babu fuska, sai haƙora da ƙoƙon kai irin na matattu. Na ƙwalla ƙara. Ya nuna wa Baba wani ɗan ƙashi da ya leƙo ta tsakanin haƙorana, inda wuya ya haɗu da kai, ya ce tun haihuwa bai haɗe ba. Baba ya ambaci mai ɗori. Likita ya ce, "Malam, da an murɗa, da ba ta ƙara takawa ba." Baba ya sulale ya zauna a ƙasa.

Aka tura mu Kano aka yi mini aiki, ban sake aza gammo ba, kuma ina kewar layin rijiyar nan. Yau 'ya'yana wuni suke ɗaukar kansu a waya, ni kuwa hoton ƙuruciyata ɗaya ne, yana ƙasan akwati. Duk sanda na ɗaga shi a rana, jikina yakan yi sanyi, in tuna a ranar da aka ɗauke shi, jibi ne Juma'ar mai ɗori.