Na Ƙi Barin Gomari

Lokacin da maigidana ya ce za mu bar unguwar Hausari mu koma Gomari, danginsa dariya suka yi mana. A shekarun nan, gab da samun 'yancin kai, Gomari ba unguwa ba ce a idon mutanen cikin Yerwa, wato Maiduguri. Gidaje ne tsilli-tsilli a tsakiyar gonakin gero, sai filin jirgin sama daga gefe. Shi kafinta ne, yana aiki a filin jirgin, kuma ya gaji da tafiyar safe da yamma a kan keke. Ni kuwa na gaji da ɗaki ɗaya a gidan gandu, inda ko shanya za ka yi sai ka jira wata ta kwashe nata.

Ɗaki biyu muka gina na ƙasa, muka kewaye da zana. Ya haƙa rijiya tare da maƙwabcinmu, wani Babarbare manomi. Na dasa dogon yaro a ƙofar gida, na samu wurin kiwon awaki da kaji. Matan Shuwa masu kai nono cikin gari ta gabanmu suke wucewa, mu muke fara saye tun bai ji rana ba. Yarana uku suna gudu yadda suke so, in jirgi zai sauka su tsaya suna ɗaga masa hannu.

Muna cikin haka zazzaɓi ya kwantar da maigidana a tsakiyar damina, bai tashi ba. Na yi takaba a ɗakina. Matar maƙwabcinmu ce ta riƙe ni, ita take ɗebo mini ruwa, tana mini magana da 'yar Hausarta mai gauraye da Barbarci.

Da na fita takaba, yayan mijina ya zo daga Hausari. Ya jingine kekensa, na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa.

"Ki haɗa kayanki," ya ce. "An gyara miki ɗaki a gida. Wannan wurin za a sayar."

"Yaya, na gode da ɗakin, amma ina nan."

Ya dube ni kamar bai ji ba. "Mace ita kaɗai a daji? Ba asibiti, ba famfo, kasuwa sai an yi tafiya. Me za ki ba 'ya'yan ƙanina su ci?"

"Abin da suka ci jiya, Yaya. Ubansu ya zaɓa musu nan, ni ma na zaɓa. Ba sadaka na zo nema a dajin ba, gidana ne."

Ya ce bai taɓa jin matar ƙani ta yi wa babba irin wannan magana ba. Ni dai ban janye ba. Ya tashi ya kai ƙarata wurin Bulama, mai unguwarmu.

Bulama dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurari Yaya har ya gama, sannan ya juyo gare ni. "Yarinya, za ki iya?"

"Ranka ya daɗe, a bar ni in gwada. In aka ga yaran nan da yunwa ko tsumma, a zo a kwashe mu, ba zan yi musu ba."

Bulama ya ce gida na marayu ne, kuma bai ga dalilin raba su da shi ba tunda uwarsu tana tsaye. Yaya ya hau kekensa ko sallama bai yi mini ba.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Daminar da ta biyo baya ruwa ya ci bangon ɗaki ɗaya, ni da matar maƙwabci muka kwaɓa ƙasa muka tayar da shi. Na fara dafa shinkafa da wake ina sayar wa leburorin filin jirgi. Da aikin titin jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, masu ci suka ƙaru, har na ɗauki mai taya ni. Baƙi suka yi ta zuwa suna yanka fili: 'yan ƙabilar Babur da Margi, Kanawa, direbobi da makanikai. Aka buɗe makaranta da yara za su iya zuwa da ƙafa. Ranar da aka kunna famfon unguwa kuwa, mata muka yi layi da tuluna muna guɗa.

Yaya ya daɗe bai tako gidana ba. Duk sallah ina tura masa yaran da wankakkun kaya su gaishe shi, don ya gani da idonsa. Ni ban je ba shi haƙuri ba, domin ban san laifin da na yi ba. Sai da aka tashi aurar da babbar 'yata ya zo, shi ya yi mata walicci a ƙofar gidan. Bayan an shafa fatiha ya leƙo ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Na ce, "Yawwa, Yaya," na koma kan tukwanena, don baƙi sun cika gida ba a gama rabon abinci ba.