Kilim da Kunnen Baba

Motar da na fara mallaka tsohuwa ce, ja, irin waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa bayan sun gama yi wa wasu aiki a Turai. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare. Abin da ya fi burge ni a jikinta shi ne na'urar sanyaya iska, wadda mu a unguwar New Bell muke ce wa kilim. Duk wanda ya zauna a Douala ya san dalili. Zafin garin nan mai jiƙa mutum ne, sai ka yi wanka, kafin ka gama sa kaya gumi ya sake yi maka wani. Saboda haka da na shiga mota sai in ɗage gilashi, in murɗa kilim har ƙarshe. Ina ganin allurar mai tana sauka da sauri, amma na ɗauka halin tsohuwar mota ne.

A shekarar ne ciwon yanar ido ya rufe idanun mahaifina. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa. Aka haɗa mu da wani likitan ido a unguwar Bonapriso, kuma da yake ni ce mai mota, kai shi ya zama aikina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Ranar farko, ko fita daga layinmu ba mu yi ba ya ɗora tafin hannunsa a gaban motar.

"Uwata, me ya riƙe injin nan?"

"Ba komai, Baba. Kilim na kunna."

"Kashe mu ji."

Na kashe. Ni ban ji wani bambanci ba, amma shi ya gyaɗa kai.

"Kin ji ya saki? To nan manki yake tafiya. Sauke gilashi, iskar Allah ta ishe mu."

Na sauke. Muka faɗa cunkoson safe, 'yan bensikin, wato masu haya da babur, suna ta kutsawa ta gefenmu suna watsa mana hayaƙi. Baba ya yi ta tari, bai ce a rufe ba, ni ma ban ce ba. Da muka isa asibitin, rigarsa ta manne da bayansa.

Haka muka yi ta yi kusan wata guda. In na faki hankalinsa na kunna a hankali, kafin mu wuce gida biyu sai ya ce, "Na ji fa." Idonsa ba ya ganin maɓallin, amma kunnensa bai taɓa kuskure ba.

Ranar da aka yi masa aiki a idon dama, likitan ya ja mini kunne da Faransanci, ya kuma maimaita wa Baba: ban da ƙura, ban da hayaƙi, kada iska ta riƙa bugun idon. Muka fito bayan azahar, motar ta wuni a rana, ko sitiyarin ba ya taɓuwa. Na buɗe masa ƙofa ina cewa yau kam dole a kunna.

"Za a kunna," in ji shi. "Amma buɗe ƙofofin duka huɗun tukuna. Zafin da ke ciki ya fi na waje. In kin rufe shi a ciki, da shi na'urar za ta fara kokawa."

Ya ce haka suke yi wa kan babbar mota in ta daɗe a rana. Muka tsaya a inuwar bango na ɗan lokaci, sannan muka shiga. Ya ce kada in murɗa kilim har ƙarshe, in tsaya a tsakiya. Daga nan ya sa na riƙa faɗa masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, da hoton da ke kan kowanne. Da na zo kan mai hoton mota da kibiya lanƙwashe a cikinta, ya ce in danna. Ƙarar iskar ta sauya, warin hayaƙin titi ya ɗauke.

Ya kasa kunne. "Wato iskar da ya riga ya sanyaya yake sake juyawa. To bar shi a nan, aikinsa ya ragu."

Tun daga ranar kilim ya koma hannunsa. Shi ke cewa a ƙara, shi ke cewa a rage. Shi ya lura iskar ba ta fitowa da ƙarfi, ya tura ni garejin wani tsohon abokin aikinsa, inda aka ciro matatar iskar ta yi baƙi ƙirin, har da busassun ganye a ciki. Bayan an sauya ta, lamba ta biyu ta koma yin sanyin da ta huɗu take yi a da.

Wata Asabar ina tare da Baba, na tsaya a kasuwar Marché Dakar zan sayi ayaba da kifi. Na bar masa injin a kunne don kada zafi ya dame shi. Da na dawo na tarar da motar a kashe, shi kuma yana zaune a benci ƙarƙashin rumfar wani mai sayar da bokitai, suna hira da Fulatanci. Ya miƙo mini makulli.

"Mota a tsaye tana shan mai, ba ta kai kowa ko'ina ba. Ga inuwa kyauta."

Da damina ta kankama, idon ya warke har yana karanta lambar motar da ke gabanmu. Ya ce in kai shi unguwar PK 14 ya gaida wani amininsa, shi ma tsohon direba, da ciwon ƙafa ya zaunar. Da muka fita daga cunkoso hanya ta buɗe, na ce bari in kashe kilim in sauke gilashi, ina tsammanin zai yaba.

"A'a, bar shi a rufe. A cikin unguwa, in kina tafiya a hankali kuma babu hayaƙi, ki sauke. Amma in kina gudu, iskar da ke shigowa ja take yi da motar. Na sani daga tamfol. In ya kwance a bayan mota yana kaɗawa, a ƙafata nake jin nauyinsa."

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko, irin na Douala, kamar da bakin ƙwarya. Sanyi ya yi, Baba ya ce a kashe. Nan da nan gilashin gaba ya yi hazo ta ciki, har na daina ganin gefen kwalta. Ya zaro hankici daga aljihu zai goge mini. Na ce, "Baba, ku bari ku gani." Na sake kunna kilim, na mai da iskar kan gilashi, na saki maɓallin kibiyar. Hazon ya fara janyewa daga ƙasa yana yin sama, har hanya ta fito tas. Ya sunkuyo yana kallo da idon da aka gyara.

"Wannan kam ban san shi ba," ya ce. "Mu sabulu muke shafa wa gilashi, mu riƙe tsumma a hannu ɗaya, sitiyari a ɗayan."

Muna isa, ko gaisuwa ba su gama ba ya kawo wa amininsa labarin. Tsohon ya ce shi bai yarda ba sai ya gani. Ruwan bai tsaya ba, kuma dama tsohon yana da maganin da za a karɓo masa a bakin hanya. Muka tallafa masa ya shiga baya, ya jingine sandarsa tsakanin kujeru. Baba ya sa na kashe komai har hazo ya rufe gilashin, sannan ya ce da ni, "Uwata, nuna masa."