Kurɓi Ɗaya a Gidan Kumandan

Ina cikin shekara ta bakwai ina yi wa kumandan, Nasaran da ke mulkin Dakoro, dahuwa, wata mota ta kawo masa akwati daga Maraɗi. Da kansa ya buɗe shi, ya fito da kwalbar jar giyar inabi wadda ko takarda babu a jikinta. Ya ce daga ƙauyen uwarsa take, can cikin duwatsun Faransi, ko Nasara 'yan uwansa ba su san ta ba.

Da ma in an kawo giya shinshinawa kawai nake yi, in san naman da zan ɗora. Ran nan ya ce hanci ba zai isa ba.

"Mushe, mu an hana mu," na ce, don haka muke kiran Nasara da harshensu.

Bai yi tsawa ba. Ya zuba 'yar kaɗan ya turo mini. "In ka ɗanɗana ka tofar."

Na kurɓa. Tsami ya fara zuwa kamar na tsamiya, sai bauri irin na bagaruwa ya kama mini dasashi, daga baya wani ƙamshin hayaƙi da nunanniyar kanya ya taso. Ban tofar ba. Nan take na gane nama mai kitse take so. Na sami awazar ragon Kornaka na gasa a garwashi da albasa da 'yar daddawa, ban sa barkono ba. Kumandan ya ci ya sha, idonsa ya kawo ruwa. Ya kira ni gaban gardawansa masu tsaro ya ce harshena ya fi na kukun Faransi. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Labari ya riga ni isa gida. Mahaifina yana wurina tun da fari ya cinye masa shanu. Haƙoransa sun zube, kullum ni nake dafa masa nama har ya narke. Da la'asar na ajiye masa akushi, ya dube ni.

"Tilasta ka aka yi?"

"A'a, Baba."

"Ka haɗiye?"

"Na haɗiye."

Ya sa bayan hannu ya ture akushin a hankali. Bai zage ni ba, bai daina amsa gaisuwata ba. Abincina ne kawai bai ƙara ci ba. Na tuba a gabansa, na kawo liman ya ba shi baki. Ya ce tuba tsakanina da Allah ne, shi dai maƙogwaronsa ne ya ƙi.

Da damina ciwo ya kwantar da shi, ba ya karɓar komai sai romo. Na dafa na zabo, na ba matata na ce ta ce ita ta yi. Na tsaya bayan zana ina ji. Ya kurɓa sau ɗaya.

"Wannan hannunsa ne," ya ce. "Allah ya yi masa albarka. Ɗauke, 'yata."

Ta fito da kwanon tana kuka. Kwana huɗu bayan nan muka kai shi makwancinsa. Washegarin sadakar uku kumandan ya yi baƙi, aka aiko kirana, na tafi na hura wuta.