Mai Gyaran Takalmin da Ya Jeme Ƙafarsa

A layin bayan tasha akwai wani mai gyaran takalmi da kowa ke kira Dunduniya, saboda ba ya kallon fuskarka sai ya gama kallon dunduniyar takalminka. Shekara ashirin da shida yana zaune a benci ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai aski, gwangwanin gam a dama, basilla da guduma a hagu. Bencin bai canza ba. Shi ne dai ya yi ta faɗi har ya cika shi.

Yana da shekara arba'in da tara yayansa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Dunduniya ya raka shi asibiti, likita ta ce shi ma ya miƙo hannu tunda ya zo. Ta auna, ta sake aunawa.

"Baba, jininka ya fi na yayanka hawa. Ga magani, amma in ba ka motsa jikin nan ba, gadon da ke kusa da nasa babu kowa a kai."

Washegari da sassafe ya fara gudu, da wani takalmi da aka kawo masa gyara shekara uku da suka wuce ba a dawo an karɓa ba. Sati uku gwiwarsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ran nan yana tsakiyar hanya ƙasan takalmin ya ɓalle. Shi da kansa ya liƙa shi, kuma har yau ba ya son a tayar da wannan maganar. Ya cire duka biyun ya kama hanyar gida da ƙafa tsirara.

Kafin ya isa ya lura da abu. Mutum ba ya dira da dunduniya a kan kwalta in babu takalmi, sai in yana jin haushin kansa. Takunsa ya gajarce, yana sauka a gaban tafin ƙafa, a hankali, kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci. Gwiwa ta yi shiru.

Daga ranar layin bai huta ba. In ka kawo takalmi zai gyara maka tsaf, ya miƙo, sannan ya ba ka shawarar ka yar da shi.

"Baban yara," in ji matarsa, "in sun ji maganarka, ƙafar mutane za ka riƙa ɗinkewa?"

Tela da mai aski suka bi shi, tela don tumbi, mai aski don kada a bar shi a baya a hira.

Matsalar ita ce Dunduniya mutumin fata ne. A wurinsa tafin ƙafa ƙasan takalmi ne da Allah ya ɗinka wa mutum, kuma ya san yadda ake ƙarfafa fata. Kullum da yamma sai ya jiƙa ƙafafunsa a baho da gishiri da alif, ya fito ya taka tsakuwa, ya miƙe su a rana. Wata biyu tafin ya yi kanta. Ya ce ya taka ƙusa, ƙusar ce ta lanƙwashe. Babu wanda ya gani, amma babu wanda ya so ya gwada.

Tunda fata ta daina zafi, sai ya yanke cewa ƙafa ta nuna. Daga kilomita biyu ya koma goma, kullum. Tela ya yi kwana uku yana saukowa daga bene da baya-baya saboda ciwon sharaɓa, ya ce shi ya yafe, a bar shi da tumbinsa. Mai aski ya tuna cewa da safe ne aka fi zuwa aski.

Shi ma Dunduniya saman ƙafarsa ta dama ya fara zugi. Ya shafa mata mai, yadda ake yi wa fatar da ta bushe. Ta kumbura, ya ƙara mai. Wata safiya ya sauko daga gado, ƙafar ta ƙi karɓarsa.

Likita ta ɗaga hoton ƙashin a haske, sannan ta ƙwanƙwasa tafin ƙafarsa da biro.

"Aikin ya yi kyau. Wa ya yi maka?"

"Ni."

"To ƙashin da ke ciki ba ya shan gishiri, Baba. Ya tsage. Fata takan saba da wuri, ƙashi da jijiya sai an yi watanni ana lallaɓa su."

"Wato takalmin ne ke da gaskiya."

"Ban ce ba. Gwiwarka ta daina ciwo, ko ba ta daina ba? Gaggawarka ce ba ta da gaskiya. Sati shida babu gudu."

Sati shidan nan sun yi masa tsawo. A na huɗu jinin ya fara komawa sama. Yana ɗingisawa ya je gidan yayansa, ya ba shi abinci a baki, ya goge masa abin da ya zubo ta gefe ɗaya. Bai yi wa kowa lacca ba a ranar.

Da ya dawo benci, mai aski ya leƙo. "Kawu, an ce ƙasan lafiya lau, injin ne ya lalace."

"An faɗa maka daidai," in ji Dunduniya. Mai aski ya tsaya jiran gardama, da bai samu ba ya koma shago ransa a ɓace.

Yanzu yana gudu a filin makaranta. Minti biyar babu takalmi a kan ciyawa, sauran kuma da wani mara nauyi, da gajeren takun da ƙafa ta koya masa. Duk sati ana ƙara minti ɗaya. Matarsa ce ke riƙe agogo, don likita ta ce kada a bar shi da shi.

Awon jininsa na watan jiya ya sauka, ba sosai ba, amma ya sauka. Tela ya ji labari ya zo har bakin filin yana tambaya, shi yanzu ya cire takalmi ko ya saka.

"Ban sani ba tukuna," in ji Dunduniya yana haki. "Wata shida kawai na yi. Maman yara, saura nawa?"

"Ya wuce da rabin minti. Zo ka saka."

Ya zo ya saka.