Motar Kawu Mai Ƙofa Biyu

Duk lokacin da warin fetur ya gauraya da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, sai in ga kaina a gidan kakata a Jibiya, ina kallon ƙafafun kawuna sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Mai karatu, da na ce mota kada ka zaci irin wadda ake hawa ce. A wancan lokacin ko taya ba ta da shi. A kan bulo take zaune a gindin bedi, kuma kajin Kaka ne kaɗai fasinjojinta.

A hannun Kaka na tashi, mahaifiyar mahaifiyata. Kawu shi ne autanta, direban motar haya tsakanin Jibiya da Maraɗi. A can ya tsinci wannan mota a bayan wani gareji, rana ta cinye fentinta. An ce wani Bature ne ya ƙetaro sahara da ita, injin ya buga, ya bar ta ya hau jirgi. Gajera ce, mai ƙofa biyu da dogon gaba, an ƙera ta don gudu ba don lodi ba. Kawu ya sa aka ɗoro ta a bayan babbar mota. Da ta iso aka ga ba za ta bi ta zaure ba, sai aka fasa katangar baya aka turo ta, aka sake ɗora katangar.

Daga nan ta zama 'yar gida. Ranar da ba ya hanya, Kawu zai shimfiɗa tsohuwar tabarma, ya kwance wani sashe na injin, ya jera ƙarafan bi da bi yadda suka fito. Yakan wanke kowanne da fetur a cikin tsohon kwanon sha, ya ɗaga shi ya duba a rana. Da bazara ƙarfen yakan yi zafin da ba ya taɓuwa sai da tsumma. Da damina yakan lulluɓe ta da tamfol, ruwa na bugawa kamar ana kiɗa. Bayan girbi, idan aiki ya buɗe, sai ka gan shi ya dawo da wani ƙarfe a naɗe cikin buhu, yau daga Maraɗi, gobe daga Kano. Rabin sunayen kayan da bakin mutanen Nijar yake faɗinsu. Na girma kafin in san abin da yake kira buji shi ne fulogi.

Ba gyara kawai yake yi ba. Ya sa mata lagireto babba mai sanyaya inji saboda zafinmu, ya ɗan ɗaga ta don yashi, ya canza mata birki, ya cire kafireto ɗaya ya sa biyu. Maƙwabta sun sha ba shi shawara ya kai wa maƙera su yi garemani da ita. Shi dai murmushi yake yi.

Kaka ta fi kowa tsokanarsa. Akurkin ƙarfe take ce mata. Amma ranar da wani dattijon unguwa ya ce wannan aikin marasa abin yi ne, ita ta amsa daga bakin murhu: "Ɗana bai taɓa fara abu ya bari ba." Kawu ya ji. Ya ce mata, "Inna, ranar da ta tashi, ke za ki fara shiga." Ta ce, "To Allah ya ba ni yawan rai."

Ina aji ɗaya aka kawo ta. Ina gab da gama firamare injin ya tashi. Da hantsi ne. Ya yi tari, ya yi shiru, sannan ya saki wani gurnani mai kauri da na ji har cikin ƙirjina. Kaji suka watse, awaki suka tsinke igiya. Kawu ya kashe injin, ya zauna a ƙasa.

Duk da haka ya ce da saura. Babu fenti, babu kujerar baya, gilashin gefe ɗaya ma babu. Yana son ranar da za ta fito, garin ya san ta fito.

A cikin daminar wannan shekarar ne wani mai sayar da dabbobi ya kawo saƙo. Yayar Kaka, wadda aka aurar tun suna 'yan mata a wani ƙauye bayan Ɗan Isa, cikin ƙasar Nijar, ta kwanta, kuma sunan Kaka take kira. Motar hayar da Kawu ke ja ta maigidansa ce, an tafi da ita Katsina. Ƙauyen kuwa mota ba ta shigarsa sai ranar kasuwa, kasuwar da sauran kwanaki, mai saƙon kuma ya ce jikin ya yi tsanani.

Kaka ta ɗauki mayafinta ta tsaya a gaban motar.

Kawu ya ce, "Inna, ba ta gama ba."

Ta ce, "Fenti ne ka tafiya ko inji?"

Ita da kanta ta aika aka kira samarin unguwa da diga. Katangar ta sha ruwa, ba ta yi gardama ba. Aka ɗaura tayoyi, aka shimfiɗa mini buhu a baya, Kaka ta zauna a gaba da ƙullin goro da kwanon fura a cinya.

A kan iyaka ma'aikatan ɓangarenmu sun san Kawu, dariya kawai suka yi wa motar mai launin tsatsa. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya duba takardu, sannan ya ce a buɗe masa gaba, don kunnensa ya ji abin da bai saba ji ba. Ya tsaya yana kallon injin yana kaɗa kai, har sai da Kaka ta leƙo ta ce, "Yaro, 'yar'uwata na jira." Nan take ya ɗage sandar.

Kawu yana tafiya a hankali, yana sauraren kowane motsi. Can Kaka ta dube shi ta ce, "Shekarun nan duka, iyakar gudunta ke nan?"

Ban taɓa manta abin da ya biyo baya ba. Motar ta ɗan duƙa, bayana ya manne da ƙarfe, gonakin gero suka zama kore guda a gefen hanya. Iska ta cika motar ta wajen tagar da babu gilashi. Kaka ta riƙe mayafinta da hannu ɗaya, kwanon fura da ɗayan, bakinta na salati, idonta na kan hanya. Da muka sauka daga kwalta, yashi ya so riƙe mu, kwari ɗaya ma da ruwa a ciki, amma ɗagawar da Kawu ya yi mata ta fitar da mu.

Mun same ta da rai, kuma da hankalinta. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suna kiran sunayen mutanen da ba wanda ya sani a ɗakin sai su. Ta sha furar da ƙanwarta ta dama mata. Bayan kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa, Kaka na gefenta.

Da muka dawo Kaka ta hana a toshe katangar, aka sa ƙofar ƙarfe. Ita ta zaɓi fentin motar ma, kore.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa. Kawu ya tsufa, hannunsa na rawa, sifana ba ta zama a cikinsa. Motar tana wurina, kuma aikin bai ƙare ba. Abin da a da yake shafe shekara yana nema, ni a waya nake turawa a kawo mini. Na canza mata wayoyin wuta gaba ɗaya, yanzu kujeru nake ɗinkawa. Kayan gyara sun yi sauƙi, hanyar ce ta yi wuya. Iyakar da muke ƙetarawa kamar za mu maƙwabta, yau a buɗe gobe a rufe, kuma akwai ƙauyukan da mutum ba ya shiga sai ya tambayi lafiyar hanya.

Ranar Juma'a bayan la'asar nakan ɗauki Kawu mu tafi har inda ake hango sandar iyaka, mu juyo. Kwanan baya da zan juya, ya dafa hannuna a kan giya ya ce, "Ka riƙa barin mai a cikinta. Ranar da hanya ta lafa, Maraɗi za mu ci abincin rana."

Na ce masa a cike take.