Ai Kaza Ba Nama Ba Ce

Ranar da babbar 'yata ta ce ta daina cin nama, wallahi na zaci wasa take. Ta zo hutu daga jami'a, wata Juma'a ta biyo ta bakin Kara, kasuwar shanu, ana loda su a tirela. Ta ce ta ga ana murɗe wutsiyar wani sa don ya tashi, shi kuwa ƙafarsa a karye, 'yan'uwansa na tattaka shi. Tun daga ranar, ko romo aka zuba mata sai ta ture kwanon.

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidana na Sabon Gari ya sani. Na ce, "Ke! A Wudil aka haife ki, garin shanu da kifi, ki ce ba kya cin abin da Allah ya halatta?"

Ta ce, "Baba, ban ce haramun ba ne. Zuciyata ce ta kasa."

Na ja tsaki na fice. Amma abin da ke cin raina shi ne Inna, mahaifiyata, da ke Indabo. Inna ba ta yafe wa wanda ya mayar mata da abinci, ta taɓa share wata maƙwabciya shekara guda a kan haka. Yarinyar nan kuwa 'yar lelenta ce. Tsorona kada tsohuwa ta ɗauka jikarta ta yi boko ta raina girkinta, su ɓata har abada. Sai na buga mata waya na ce za mu zo, amma fa jikarta ba ta cin nama. Ta ce, "To, na ji."

Da hantsi muka isa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo min wuƙa, ga kazarta wake-wake a ɗaure, ga ruwa na tafasa a murhu. Ta ce, "Ungo, yanka."

Na ce, "Inna, ba na gaya miki ba ta cin nama ba?"

Ta ce, "Yo shi ya sa ban aika wajen mahauta ba. Ai kaza ba nama ba ce."

Yarinyar ta durƙusa ta rungume kazar, ta ce, "Inna, don Allah ki bar min ita da ranta." Inna ta kalle ta ta ce, "To me za ki ci, ja'ira?"

"Abin da kike ci kullum."

Ni da shegen bakina sai na ce, "Haba! Mu zo takanas ki sa a yi mana miya lami?"

Ashe ni ne zan taɓo Inna. Ta juyo ta ce, "Lami? Kai, rufe min baki! Daga Sallah sai Sallah kake ganin nama a gidan nan. Da kuka da daddawa da wake na raine ka har ka yi wannan ƙaton wuyan. Yau ita ce lami?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta kwance kazar da hannunta, ta ja jikarta gindin murhu. Ta nuna mata yadda ake surfa wake a daka, da lokacin da ake jefa daddawa, da yadda ake kaɗa kuka ba gudaji. Da ta ɗauko man shanu yarinyar ta girgiza kai, Inna ta ce, "Ikon Allah, har shi?" ta zuba man gyaɗa. Malmala biyu 'yata ta tashi da su, suna ta tsokanar juna.

Bara Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kazar da 'ya'yanta suna tsakar gidana suna ɓata min shuka. Ni dai har gobe ina cin tsirena, ba zan yi ƙarya ba. Amma na gode wa Allah da taurin kan yarinyar nan, don ba don shi ba, da babu wanda ya koyi miyar Inna a gidana.

Bayan an share makoki, wata rana 'yata ta ajiye min tuwon dawa da miyar kuka. Loma ɗaya na kai, na ji hannun Inna sak. Ta leƙo fuskata ta ce, "Baba, lami ce?"

Na cinye tas, na miƙa mata kwanon ta ƙaro.