Langar Mahaifiyata a Bakin Tafki

Shekara goma sha tara na yi a unguwar Highbridge, a ƙasar Turawa, ban taɓa kwana a ƙasa ba, sai da 'yata ta fara aikin asibiti ta ce za ta kai ni hutu. Awa biyu muka yi a mota, ta tsaya bakin wani tafki, ta kafa tanti a kan tsakuwa, ta ce nan ne hutun. Na dube ta, na dubi tantin, na ɗora tukunya.

Dambun shinkafa na yi da zogale. Gefenmu akwai wani tsohon Bature da matarsa, a irin motar nan mai gado da murhu a ciki. Suna zaune suna gasa ɗan nama a tsinke ɗaya kamar marayu, ƙamshin dambuna yana bi ta kansu. Ni kuwa ba na iya kai loma baki maƙwabci yana haɗiyar yawu.

"Mama, ga farantin takarda," in ji 'yata da Turanci. Ita Hausa kunnenta ne kawai ya iya.

"Sa'an kakanki zan ba abinci a takarda? Ƙosai ne?"

Na ɗauko langar mahaifiyata, mai jan fure da murfi, bakinta ya ɗan ɓantare. Ita kaɗai na ɗauko daga Maradi bayan rasuwarta, ita nake cin abinci a ciki duk inda na je. Na cika ta na kai musu. Matar ta dafe ƙirji, ta shafa furen, ta yi ta godiya.

A wurinmu kwano yana dawowa, wannan ko yaro ya sani. A wanke shi, a ɗan saka wani abu a ciki ko da goro ne, a mayar. La'asar ta wuce, magariba ta wuce, shiru. Da safe na fito alwala sai ga langata a tagar motarsu, an wanke ta tas, an jera mata duwatsun bakin ruwa a ciki. Ta zama kayan ado.

"Je ki karɓo," na ce wa 'yata.

"Wallahi ba ni zuwa, Mama. Sun ɗauka kyauta ce. Abin kunya ne."

"Kunya? Ke da kike yawo da gajeren wando gaban mutane?"

Amma ni ma na san ba a bin kwano da baki. Akwai dabarar da muke yi a gida: in maƙwabciya ta riƙe miki kwano, sai ki sake aika mata abinci a wani, kunya ta kama ta, ta maido biyun. Na dama kunun gyaɗa, na zuba a robata mai marfi, na kai. Matar ta rungume ni. Da hantsi roba ta hau taga kusa da langa.

'Yata ta kwanta a kan ciyawa tana dariya har da hawaye.

Wajen azahar na ga tsohon yana naɗe rumfa, yana ɗaure kwale-kwale a saman mota. Tafiya za su yi, ban san ko wace jiha ba. Na gyara mayafi. Turancina na makarantar manya ne, wanda na fara ina da furfura, in rufe teburin sana'ata in hau jirgin ƙasa in je aji. Ba shi da ado, amma yana isa inda aka aike shi. Na tsaya a gaban motar, na ƙwanƙwasa gilashi.

"Abinci naki ne," na ce wa matar. "Kwano na uwata ne. Uwata ta mutu."

Fuskarta ta yi ja kamar tattasai. Ta zazzage duwatsun a cinyar mijinta, ta goge langar da gefen rigarta, ta miƙo min da hannu biyu. Ta miƙo robar ma, na ce ta riƙe, irinta guda shida gare ni. Da na ga ta kusa kuka sai na yi mata bayani don ta saki jiki: a ƙasarmu kwano yana komawa gida ne, kuma ba ya komawa wofi.

Da na sani da ban faɗi na ƙarshen ba. Ta shige ciki da gudu, ta fito da wani kek na tuffa a cikin tasar gilashi mai nauyi, ta ɗora min a kan langar. Hannuna biyu a cike, kafin in buɗe baki mota ta tashi, suna ɗaga min hannu.

Kek ɗin mun cinye a hanya, zaƙi ya yi masa yawa. Tasar kuwa tana nan a kabad ɗina, an rubuta sunan wata mata a gindinta da alƙalami, ba lamba, ba gari. 'Yata ta ce kyauta ce. Ni ban taɓa riƙe wa wata kwano ba a rayuwata. Bazara uku ke nan ina komawa tafkin nan ina kwana a kan tsakuwa, tasar cike da dambu, ina leƙa tagar duk motar da ta tsaya.